Gasar zanen tsuntsaye: a bar yaro ya zana shamuwar garinsu

Tun daga 2006 ake bikin ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya, yanzu ma sau biyu ake yi a shekara, a Asabar ta biyu ta watan Mayu da ta Oktoba. A ƙasashe da dama makarantu da ƙungiyoyi kan shirya wa yara gasar zane da rubutu don ranar. Na san wani zai ce ana fama da abin sawa a bakin salati, wa yake ta tsuntsu? Ni dai ina goyon bayan irin wannan gasa, amma da sharaɗi.

A Amurka akwai wata da ta daɗe. Tun 1993 hukumar kula da kifi da namun daji ta ƙasar ke shirya wa 'yan makaranta gasar zanen agwagin ruwa. Kowace jiha ta fitar da gwaninta, wanda ya zo na ɗaya a ƙasa baki ɗaya a mayar da zanensa kan sarki, a sayar dala 5, kuɗin su tafi wajen koyar da yara kula da muhalli. Abin da ya fi burge ni shi ne alƙalai ba kyan fenti kawai suke dubawa ba. Dole tsuntsun ya yi kama da na gaske, launin gashinsa ya dace da lokacin shekara, ciyawar da ke bayansa ta zama irin wadda yake zama a ciki. Kafin yaro ya iya haka sai ya zauna ya ƙura wa tsuntsu ido. Nan ribar take.

To mu fa? Mu ne masu masaukin baƙin. Da sanyi ya kama Turai, agwagi da sauran tsuntsayen ruwa kan ratso hamadar Sahara su sauka a fadamar Haɗeja da Nguru, wadda aka sa wani ɓangarenta cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasashen duniya kan kare dausayi, a 2000. Fadamar Dagona a jihar Yobe saboda su aka keɓe ta. Tun kafin a san da wannan tafiya, a 1822 aka kama wani babban tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus da wani mashi na Afirka maƙale a wuyansa. Shi ya taimaka wa Turawa suka gane inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu, kuma har yau yana ajiye a jami'ar Rostock.

Sharaɗina shi ne kada a kwaso gasar yadda take a can a jibge wa yaranmu. Idan aka ce a rubuta da Turanci, aka manna hoton tsuntsun da yaro bai taɓa gani ba, to 'ya'yan manyan makarantun birni za su kwafo daga intanet su lashe kyauta, ɗan masunci da ya san kukan kowane tsuntsu a tafkin Nguru ya koma ɗan kallo. A ba shi dama ya rubuta da Hausa ko Badanci ko Kanuri. A bar shi ya zana shamuwa, wadda ita ma matafiya ce: ta zo gab da damina, ta yi sheƙa a tsamiyar tsakiyar gari, ta cinye fara da tsutsa a gona, da kaka ta nufi kudancin Afirka. A tura shi wurin kakarsa ya tambaya me ya sa ba a jifan shamuwa, ya kuma tambayi tsofaffi yaushe rabonsu da ganin gauraka. Yaron da ya yi wannan bincike da wuya ya sake ɗaga danƙo ya harbi abin da ya kwana uku yana zanawa.

A kuma bar yara su faɗi gaskiya. Ɗan manomin da ya wuni kan rumfa yana korar jan-baki daga shinkafar ubansa ba zai rubuta cewa duk tsuntsu aboki ne ba, bai kuma kamata a rage masa maki don haka ba. Rubutunsa ma zai fi amfani, don daga nan ake soma maganar maganin feshin da ake zuba wa jan-baki, wanda ba ya tantance mai laifi da baƙo.

Sai dai kada manya su fake da zanen yara. Ba yara suka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ba, waɗanda suka rage ambaliyar da ke ciyar da fadamar, ba kuma su za su cire ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma idan ruwa ya ƙafe, masunci da makiyayi ne za su riga tsuntsu tashi.

Masu shirya gasa su duba lokaci ma. A watan Mayu baƙin Turai sun riga sun koma. Wanda ke son yaran Jigawa da Yobe su gan su da ido, ya sa gasarsa tsakanin Disamba da Fabrairu, ya nemi mota ya kai su Dagona a Janairu, lokacin da masana ke ƙirga tsuntsayen ruwa.