Da girman akwatin sifika ake jin magana?

Ban so na tanka ba. Amma tun da wani ya mai da falona abin hira a majalisar mai shayi, bari na faɗi tawa. Ban kama suna ba, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as.

Da na sayar da riɗina bana, na tashi daga ƙauyenmu nan bayan Ringim na shiga Sabon Gari a Kano, na sayo sifika guda uku: ta tsakiya da biyun gaba. Wufa, wato mai fitar da kaurin sauti da ake kira bes, da biyun baya na bar su yadda suke, lafiyarsu ƙalau. Shi ke nan aka ce wane ya zubar da kuɗin gona a kan 'yan gwangwanaye, wai da ya nemi shawara da an nuna masa manya.

To ga dalilina, ko da yake na san ba dalili ake nema ba. Abin da ake kira 5.1 sifika biyar ne da wufa ɗaya, kuma kusan duk maganar da ake yi a fim daga ta tsakiya take fitowa. Tsohuwar sifikata ta tsakiya takardarta ta yage, ƙurar hunturu ta cika ta. Inna takan zauna a tabarma tana tambaya, "Me ya ce? Me ya ce?" har a gama kallo. Ranar da na ɗora sabuwar a ƙasan talabijin, daidai kunnen wanda ke zaune, ba ta tambayi kowa komai ba. Dariyarta kawai muka riƙa ji. Wannan na saya da kuɗina, kuma ban yi nadama ba.

Shi kuwa gwanin, manyan akwatunan gidan biki ya jibga a ɗakin da bai wuce taku huɗu ba, yana nuna wa yara takardar da aka manna, wai wat 5000. Malam, wannan lambar PMPO ce, ta talla. A nemi RMS a bayan akwatin, a nan gaskiyar ƙarfin take. Kwanon rufi ya yi ta kakkarwa, ƙofa na rawa, maƙwabta sun kasa barci, amma a tambayi na cikin ɗakin abin da aka ce a fim ɗin, sai ido. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Da a kansa abin ya tsaya, wallahi da ban ce uffan ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne kayan Baffa. Dattijo ya tara kuɗinsa, ɗansa ya cika masa daga Legas, aka je aka haɗa masa sifika masu om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ke bi ta cikinta), biyu-biyu a baki ɗaya, a kan amfilifaya, wato injin ƙara sauti, da aka rubuta om 8 ɓaro-ɓaro a bayanta. Biyu masu 4 in aka gwama su haka sun koma 2. Injin ya riƙa jan wutar da ta fi ƙarfinsa, ya yi zafi, ya ƙone. Da aka kawo min na buɗe, warin ƙuna ne ya fara tarbata. Sai aka ce wa Baffa laifin janareta ne. Haba! A ji tsoron Allah. Ko jar waya da baƙa ba a bambance ba, ɗaya an juya ta, shi ya sa bes ɗin ya bi iska tun ranar farko. Da batirin tocila guda ake gane wannan: a taɓa shi a waya, a ga takardar sifikar ta turo waje ko ta shige ciki. A kan bencina aka koyi wannan, ana riƙe min fitila, ana ce min Yaya.

Baffa dai na gyara masa, kuɗin kaya kawai na karɓa. Mitata ta gwajin wuta kuma da aka ara tun kafin azumi, a ba yaro ya kawo min, ina da aiki da ita ranar Asabar.