A Indiya, ba 'yan Dalit kaɗai ake keɓe wa gurabe ba

Da yawa na ɗauka guraben aiki da karatu da gwamnatin tarayyar Indiya ke keɓewa na 'yan Dalit ne kawai, waɗanda a da ake ƙyamar ko taɓa su. Ba haka ba ne. Nasu kashi 15 ne cikin ɗari, ƙabilun asali kuma 7.5. Kaso mafi tsoka, 27, na rukunin OBC ne, wato sauran al'ummomin da aka bari a baya: makiyaya, maƙera, wanzamai, har da Musulmi irin su masaƙan Ansari.

Kwamitin Mandal, wanda gwamnati ta kafa, shi ya ba da shawarar kason OBC a 1980. Kotun Ƙoli ta amince da shi a guraben aiki a 1992, amma ta cire 'ya'yan masu hali, kuma da gaskiyarta. Abin ɗaure kai, ɗan Dalit da ya musulunta ko ya zama Kirista ya rasa kason Dalit ke nan.