Ɗaukar kurata ba zai wadatar ba idan ƙwararrun 'yan sanda suna zarewa

Duk lokacin da matsalar tsaro ta ta'azzara a Najeriya, maganar da gwamnati ke fara yi ita ce ta ɗaukar sababbin 'yan sanda. A watan Nuwamban 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin ɗaukar mutum dubu 50, kuma babu mai musun cewa rundunar da ba ta kai mutum dubu 400 ba ta yi kaɗan ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Sai dai kurtu ana yaye shi cikin watanni, amma ɗan sandan ciki da ya iya bin sawun masu garkuwa da mutane ta layin waya, ko mai kwance bam, ko mai haɗa hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali, shekaru ake yi kafin a same shi, kuma shi ne wanda ba a damu da riƙewa ba.

A ganina, tushen matsalar fansho ne. Tun da aka kawo tsarin fansho na karo-karo a 2004 aka sa 'yan sanda a ciki, daga baya aka cire sojoji da jami'an tsaron farin kaya na DSS, aka bar su. A watan Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja, har ƙofar Majalisar Tarayya da hedikwatar rundunar, suna kukan cewa abin da ake ba su bayan shekara 35 suna aiki ba ya ciyar da gida. Matashin jami'in da ya fito daga makarantar 'yan sanda ta Wudil da digirinsa yana kallon waɗannan dattawa, kuma ya san abin da Bahaushe ya ce game da wanda gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta. Idan ya ƙware a binciken damfara ta intanet, banki ko kamfanin sadarwa zai yi masa tayin da rundunar ba ta iya yi, kuma da wuya a ga laifinsa idan ya ajiye kaki. Ƙarin albashi na kashi 20 cikin ɗari da gwamnatin Buhari ta amince da shi a ƙarshen 2021, bayan zanga-zangar EndSARS, tsadar rayuwa ta daɗe da cinye shi.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a takardar murabus, wadda ta fi damuna. Za a kashe kuɗi a horar da jami'i a kan binciken kimiyya, ya dawo ya yi shekara ɗaya ko biyu, sai a wayi gari an yi masa canjin wurin aiki zuwa shingen bincike a kan hanya, ko kuma an haɗa shi da wani mai kuɗi ya riƙa bin sa da bindiga. Sunansa yana cikin rajista, amma iliminsa ya tashi a banza. Umarnin janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane, wanda shugaban ƙasa ya bayar a watan Nuwamban 2025, an sha ba da irinsa a baya ba tare da ya ɗore ba.

Ba baiwa rundunar ta rasa ba. Nuhu Ribadu da Farida Waziri da Ibrahim Lamorde, waɗanda suka shugabanci hukumar yaƙi da cin hanci ta EFCC, duk a aikin ɗan sanda suka koyi bincike. Abin da ta rasa shi ne tsanin da ƙwararre zai hau har ya kai babban muƙami ba tare da ya bar fanninsa ba, da ƙarin girma da ba ya jiran sai kana da ubangida a Abuja.

Wasu za su ce babu kuɗi. Amma tun 2019 aka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, wanda doka ta ware masa rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya, kuma ya kamata a ga tasirinsa a alawus na masu sana'a ta musamman da gyaran bariki kafin a gan shi a sayen motoci. Majalisar da ta iya gyara dokar 'yan sanda cikin gaggawa a 2024 domin Sufeto Janar ya cika wa'adin shekara huɗu, tana da ikon warware maganar fanshon dubban jami'an da ke ƙarƙashinsa da irin wannan hanzari.