A gyara tun wajen sayen motar

Duk mai zuwa tasha ya san yadda abin yake. Gurgu zai iso a kekensa, 'yan kamasho su kawar da kai kamar ba su gan shi ba. Idan an dace wani direba ya yarda, sai samari biyu su ciccib'e shi, ɗaya a hammata ɗaya a ƙafa, su cusa shi kujerar baya. Keken kuma a ɗaure shi a but tare da buhunan albasa, sannan a ce ya biya kuɗin kaya. To wa aka taɓa cewa ya biya wa ƙafafunsa kuɗin mota? In mace ce, tashin hankalin ya ninku, don maza baƙi ne za su ɗauke ta. Mata da yawa saboda haka suke haƙura da tafiyar baki ɗaya, ko da asibiti ce.

Doka kam akwai ta. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a da ababen hawa. An kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman a 2020, wa'adin ya cika a Janairun 2024, matakalar bas kuwa tana nan yadda take.

Ni dai ban ga amfanin zare wa direbobi ido ba. A Kano, tun da aka hana ɗaukar fasinja a acaɓa a 2013, a daidaita sahu ne ƙafar talaka, kuma ba a ƙera shi don keken guragu ba. Yaron da ke fafutukar haɗa balas ɗin mai a daidaita sahun kafin magariba ba zai iya sauya ƙirar Indiya ba, ko an ci shi tarar duniya.

Inda gwamnati ke da wuƙa da nama shi ne kuɗinta. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, gwamnatin tarayya da jihohi suke ta sayo bas-bas, wasu masu amfani da iskar gas, ana yanka kyalle ana ɗaukar hoto. Nan ne wurin gyara. A rubuta a takardar kwangila cewa ba za a karɓi bas ba sai mai ƙasa-ƙasan daɓe, da faranti mai sauka daga ƙofa wanda keken guragu zai bi ya hau, da fili a ciki inda keke zai tsaya a ɗaure shi. Sanya wannan tun a masana'anta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a zo ana fasa mota daga baya. Bas kuma in an saye ta, shekaru za ta yi a kan titi da aibinta.

Haka batun titi. Bas mai faranti ba ta da amfani idan tsakanin mutum da ita akwai buɗaɗɗiyar kwata, ko gadar masu tafiya a ƙasa mai matakala zalla. Injiniyan da ya zana irin wannan gada, a ba shi aron keke na yini ɗaya.

Za a ce masu keken nawa ne. Arewa ce ta fi ko'ina shan wahalar shan inna kafin a ayyana kawar da ainihin ƙwayar cutar a 2020, kuma waɗanda ta taɓa yanzu magidanta ne, ɗalibai ne, 'yan kasuwa ne. Ga waɗanda hatsarin hanya da rikicin Boko Haram suka raba da ƙafa, ga tsofaffi da masu juna biyu. Ƙungiyoyinsu suna nan, wasunsu ma su suke walda kekunansu da hannunsu. Kafin a biya kuɗin bas ta gaba, a kira su su gwada shiga.