Gorar maganin da ba ta faɗin abin da ke cikinta

A watan Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya, ta sanar da fara aiki da haramcin sayar da barasa a leda da ƙananan kwalabe masu ƙasa da mililita 200, bayan wa'adin shekara biyar da aka ba kamfanoni tun 2018. Hujjar hukumar ita ce yara: ledar tana shigewa aljihun ɗan makaranta, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Na yarda da wannan hujja. Sai dai akwai yaron da ba a cika tunawa da shi ba, wato wanda ke cikin uwarsa.

Wani zai ce matanmu ai ba sa shan giya. To, ya tsaya a tasha ko bakin kasuwa ya dubi masu tallar maganin gargajiya a tsofaffin gorunan ruwa. Wasu saiwoyin a ruwa aka jiƙa su, wasu kuwa a ogogoro, wato barasar gida mai ƙarfi, kuma babu ko harafi ɗaya a jikin gorar. Mai juna biyu da laulayi ko ciwon baya ya addaba za ta saya da sunan magani, ta yi bismillah ta sha. Wannan ne ke ci mini rai, domin ba ta san ta yi wani abu ba.

Barasa tana ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗan tayi, hantarsa kuwa ba ta yi ƙwarin da za ta tace ta ba. Tun 1973 likitoci biyu a Seattle ta Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka sa wa larurar da hakan ke jawo wa yaro suna “fetal alcohol syndrome”, wadda alamominta suka haɗa da ƙaramin kai, jinkirin girma, wahalar ɗaukar karatu. Lahanin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ba ya warkewa, kuma babu wani ɗan adadi na barasa da likitoci suka ce ba ya cutarwa.

Amurka ta wajabta rubuta gargaɗi ga masu ciki a jikin kwalba da dokar 1988. Faransa ta bi sahu a 2007, inda akasarin kamfanoni suka zaɓi hoton mace mai ciki da aka ja wa layi. Hoton nan muke buƙata, don rubutun Turanci ba zai amfani wadda ba ta karanta shi ba.

Gorar tasha kuwa babu dokar kwalba da za ta cim mata da wuri. Shi ya sa nake roƙon malaman asibiti masu awon ciki su sauya tambaya. Idan aka ce wa mace “Kina shan giya?” za ta ji an ci mutuncinta, ta ce a'a, kuma gaskiyarta ke nan. A ce mata: “Hajiya, wane jiƙo kike sha, a ina kika saya, me aka jiƙa shi da shi?”