Sikelin ches da sabis ɗin ƙauyenmu

Daren jiya saura ƙiris majalisarmu ta watse baram-baram, kuma ba a kan siyasa ba, ba a kan ƙwallo ba. A kan ches ne, darar Turawa da muke bugawa a waya. Ƙanena ya kafe cewa duk wanda ya kunna data ya zauna buga wasan da ba a lissafa maki, asarar kuɗinsa kawai yake yi. Abokina malamin lissafi, da muke koyarwa a makaranta ɗaya, ya ce shi ko biyan sa za a yi ba zai buga na maki ba, hawan jinin da yake fama da shi ya ishe shi. Aka juyo kaina wai in raba gardama. Na ce su bari sai gari ya waye, domin ni kowane ɓangare na taɓa zama a cikinsa, kuma maganar ta fi ƙarfin kofin shayi ɗaya.

Ga wanda bai sani ba: in ka shiga Lichess ko Chess.com, shafukan da ake buga ches a intanet, wasa iri biyu ne. Akwai wanda in ka ci a ƙara maka maki, in an cinye ka a rage. Akwai kuma wanda ake tashi kowa ya kaɗe rigarsa, lambarka tana nan inda ka bar ta. A Lichess na farkon an rubuta masa Rated, na biyun Casual. Mu a nan na maki da na zumunci muke ce musu.

Mu dara muka gada. Rami 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. Baffa ya fi shekara 40 yana zama a gindin dalbejiyar ƙofar gida yana cinye mutane, ba a taɓa rubuta masa lamba ba, amma daga nan har Ringim an san ba a zama gabansa da garaje. A gari ido ne sikeli. A waya kuwa ba ka ganin fuskar kowa. Wanda ke gabanka yana iya zama yaro ɗan shekara 9 a Indiya, yana iya zama tsohon da ya ƙare rayuwarsa a kan allon nan a Rasha. Dole a samu abin da zai haɗa kowa da tsaransa, kuma aikin makin ke nan, ba wani abu ba.

Abin dariyar shi ne, malamin lissafin da ke gudun maki shi ya fahimtar da ni yadda ake lissafa shi. Wani farfesan kimiyyar fiziks, Arpad Elo, haifaffen Hangari da ya zauna a Amurka, shi ya tsara hanyar, hukumar ches ta duniya FIDE ta karɓe ta a 1970. A lissafinsa, in ka fi mutum da maki 200, ana sa ran ka kwashi kusan kashi 76 cikin 100 na sakamakon wasanninku. Ka ga har lissafin kansa ya yarda cewa wanda bai kai ka ba zai riƙa kayar da kai jefi-jefi. Shafukan intanet kuma gyaran wani masanin ƙididdiga, Mark Glickman, suke amfani da shi, wanda ake kira Glicko. Shi ya ƙaro wata tambaya: nawa muka tabbata da lambar nan? Shi ya sa in ka buɗe sabon akawun a Lichess za ka ga 1500 da alamar tambaya a gefe, wasa ɗaya ya ɗaga ka ko ya jefo ka da maki sama da 100. In ka daɗe kana bugawa, ci ko faɗuwa da tsaranka bai wuce 'yan maki shida ko bakwai ba. In kuma ka yi watanni ba ka buga ba, shakkar ta sake girma. Ni kowace damina haka take faruwa da ni: daga shuka zuwa yankan riɗi ba na taɓa allo, in na dawo da kaka sai in ga lambar tana tsalle kamar ɗan akuya, har ta gane ni ne dai.

To ga inda na rabu da ƙanena. Sikelin nan an gina shi ne a kan zaton cewa abin da ya kayar da kai shi ne abin da ke cikin kanka. A ƙauye ba haka ba ne.

Bara cikin hunturu ina buga wasan minti 10 da wani mai tutar Turkiyya. Na cinye sarauniyarsa da doki, na bar shi da soro ɗaya da 'yan sojoji, saura taku uku in ritsa sarkinsa. Sai sabis ya ɗauke. Na fito daga ɗaki ba takalmi, na tsallake akuyoyi, na hau kan tarin karan dawa da ke bayan rumbu ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya? Maciji ne?" Agogona yana ta tafiya, domin shi ba ruwansa da uzurinka. Kafin sandunan sabis su dawo, mutumin ya danna karɓar nasara, tunda shafin yana bai wa abokin wasa wannan damar in ka ɓace na wani ɗan lokaci. Maki takwas suka tafi. Ban ga laifinsa ba, da ni ne ma haka zan yi. Amma a daren nan ba iyawata aka auna ba, nisan gidanmu da turken sabis aka auna.

Saboda haka in ina cikin gida, ko a bayan mota ana hanyar kasuwar Maigatari, ko batir ya sauka ƙasa da kashi 15 ga mai caji ya rufe shago, na zumunci nake bugawa. In ya yanke, ya yanke.

Sai maganar salla, wadda ba na jin masu shafukan nan sun taɓa kawo ta a rai. Wasan minti 10 kowane ɓangare yana iya cin minti 20. Ka fara shi ana saura kaɗan a kira Magariba, sai ka tsinci kanka liman ya tayar kana nan kana lissafin doki. Na ga samari sun rasa raka'a saboda maki bakwai, ni ma ba zan ce ban taɓa ba. A wasan zumunci ka sallama, ka ajiye waya, ka ɗauki buta, ba abin da ke ja maka riga.

Koyarwa ma haka. Akwai yara uku 'yan aji shida da suke zagaye ni tun da suka ji labarin Tunde Onakoya, ɗan Ikorodu da ke koya wa yaran unguwannin talakawa ches a Legas, wanda ya zauna a dandalin Times Square na New York a watan Afrilun 2024 ya yi awa 60 yana bugawa. In na zauna da ɗayansu, wayarsa ta yayansa ce, tawa a hannuna, na zumunci muke buɗewa. Ya ajiye giwarsa a bakin sojana, in ce, "Kai, duba da kyau," ya nemi a mayar da taku, in amince. A Lichess akwai saitin da za ka ce mayar da taku sai a wasan zumunci kaɗai, kuma haka na saita nawa. In na maki muka buga, ko dai in tattake yaro in kashe masa gwiwa, ko in bar shi ya ci da gangan, shi kuwa faɗuwa da gangan a wasan maki laifi ne da ake rufe wa mutum akawun a kansa. Haka in ina son gwada sabon buɗi, wato tsarin takun da ake fara wasa da su. Na shekara biyu ina buɗin Italiya, ranar da na ce bari in ɗanɗana kariyar Sisiliya an yi mini dukan kawo wuƙa sau tara a jere. Gara da aka yi shi inda ba a rubutawa.

Amma Malamin lissafi, kai ma ba zan ƙyale ka ba, don rabin gaskiyar tana hannun ƙanena.

Akwai lokacin da na kai 1400 a wasan minti 10, lambar da ban taɓa gani ba. Sai tsoro ya kama ni. Na koma na zumunci kacokan, wata huɗu, ina buɗe shafina ina kallon 1400 kamar mai kallon buhun gero a rumbu. Ina gaya wa kaina sabis ne dalili, alhali har a Dutse, inda sanduna suke cike, ban iya danna na maki ba. Me na samu a watannin nan? Abokan wasa da ba su damu ba. Wani ya fito da sarauniya tun taku na biyu yana neman kisan taku huɗu, in bai samu ba ya gudu. Wani ya fi ni nesa ba kusa ba yana wasa da ni kamar kyanwa da ɓera, wani kuma ko tafiyar doki bai gama sani ba. Ga jira, domin maɓallan haɗa wasa na gaggawa a Lichess na maki ne ga mai akawun, na zumunci sai ka buɗe da kanka ka zauna sauraron mai zuwa. Ni kaina na zama malalaci: in tura soja ba tunani, ai ba komai. Ranar da na koma na maki, cikin mako ɗaya na gangaro 1310. Mai tsoron ta mutu shi yake maho. Lambar da na yi ta gadi ashe ta wani mutum ce da ya daina wanzuwa tun wata huɗu.

Wasan maki yana sa kowa ya zauna da gaske. Wanda ke gabanka tsaranka ne, yana jin zafin faɗuwa kamar yadda kake ji, ba zai ba ka komai a banza ba. Kuskuren da ka yi a nan shi ne naka na ainihi, shi ya cancanci ka buɗe na'urar nazari bayan wasa ka ga inda dara ta ci gida. Magnus Carlsen, gwanin ches ɗan ƙasar Norway, da ya kai 2882 a 2014, lamba mafi girma a tarihin FIDE, bai kulle ta a akwati ba, ya ci gaba da bugawa ta sauka. Ballantana ni da 1400 ta waya.

In lambar ce ke tayar maka da hankali, Malam, a Lichess ana iya ɓoye ta gaba ɗaya daga saiti, ka buga na maki ba ka ganin taka ba ka ganin ta abokin wasa. In kuma sabis ne, akwai wasan da ake ba ka kwana ɗaya ko uku kafin kowane taku. Wannan kamar don mu aka yi shi: ka yi takunka da safe, ka tafi gona, ka dawo da La'asar ka tarar ya amsa, kuma shi ma makinsa daban ake lissafawa.

Ni yanzu na maki biyu nake bugawa a rana, ba ƙari, ko na ci ko an ci ni. Bayan Isha'i, a kan dakalin bayan makaranta, inda na gwada na ga sabis ba ya rawa. Ƙanena ya biyo ni can shekaranjiya, ya faɗi uku a jere, ya ce sai ya rama. Na ce, "Kai, tashi mu tafi, Inna ta rufe ƙofa." Ya ce ɗaya kawai, Yaya. Na baro shi a nan sauro yana cin ƙafarsa, hasken waya a fuskarsa.