Ɓera ba mutum ba ne, a daina yaudarar masu ciwon zuciya

Wallahi raina ya ɓaci da labarin nan da ake ta turawa tun jiya, wai an samo allurar da ke tsiro da sababbin jijiyoyin jini a zuciya, an huta da tiyata. Sai ka karanta har ƙasa ka tarar a jikin ɓera aka yi gwajin. Wannan ita ce kalmar da ya kamata ta zo a kan gaba, ita kuwa aka ɓoye.

Jama'a, ɓera ba mutum ba ne. Ɓeran da ake gwaji da shi yawanci ɗan mako 8 zuwa 12 ne, ba hawan jini, ba ciwon suga. Ana buɗe ƙirjinsa a ɗaure jijiyar zuciya da zare lokaci guda. Mai ciwon zuciya kuwa shekaru kitse ya yi yana taruwa a bangon jijiyarsa, jijiyoyin sun tsufa, ba sa amsa magani kamar na ƙaramar dabba mai ƙoshin lafiya.

An taɓa bin hanyar nan ai. Sinadarin VEGF, wanda ke umartar jiki ya tsiro da jijiya, ya yi abin mamaki a jikin dabbobi. Da aka ba mutane a gwajin VIVA da aka wallafa a 2003, bayan kwana 60 ba su fi waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a cikinta jure tafiya a kan injin motsa jiki ba. Dalili ɗaya shi ne jijiyar da VEGF ya tsiro shi kaɗai yoyo take yi. Idan wasu ƙwayoyin halitta ba su zo sun naɗe ta ta waje ba, sai ta zube ta ɓace.

Na san za a ce ai daga ɓera kowane magani ke farawa. To, farawa ke nan. A 1998 jaridar New York Times ta ɗora aikin likita mai bincike Judah Folkman a shafin farko, bayan sinadaran endostatin da angiostatin sun ƙanƙance kumburin sankara a jikin ɓeraye ta hanyar yanke masa jini. Masu sankara suka riƙa roƙon a ba su. A jikin mutane abin bai kai ko kusa ba.

Fata ma haka. Ciwon ɓera yana rufewa ne ta tsukewa, domin akwai siririn nama ƙarƙashin fatarsa da ke jawo bakin ciwon. Namu cikewa yake da sabon nama. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai ke ɗinka zoben silikon a kewayen ciwon don ya hana tsukewar. Wanda bai yi haka ba ya zo yana cewa man shafawarsa na warkar da gyambo, tsukewa ya auna.

Misalin garkuwar jiki ya fi ban tsoro. A 2006 a Landan aka ba mutum 6 masu lafiya wani maganin gwaji mai suna TGN1412, awon da ya gaza wanda birai suka jure da wajen ninki 500. Cikin sa'o'i garkuwarsu ta tashi ta afka wa gaɓoɓinsu, duka shidan aka kwantar a sashen kulawa ta musamman. Birai fa, waɗanda suka fi ɓera kusa da mu.

Abin da ke ci min rai shi ne dattijon da zai ga labarin nan ya ajiye ƙwayar hawan jininsa yana jiran allura. Don Allah kafin ku tura, ku duba: a jikin wa aka gwada, mutum nawa, kuma da me aka kwatanta.